Adafal na Bangon Arewa

Zuwa ga mijina Arezki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin birnin Marsai na Faransa bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Mu lafiya, Inna tana gaishe ka.

Ka ji gobarar da ta cinye gangaren dutse. Ba fure ko ɗaya daga nan har kwari, ƙudan zumarka suna fita su dawo wayam. Abin da ya tsira shi ne adafal, tsiron nan mai yaɗo da ya lulluɓe bangonmu na arewa, inda inuwa da laima suke. Ganyensa kore shar, ga shi ya fara toho.

Jiya yayanka Meziyan ya zo da gatari, wai zai yi wa bangon yaɓe kafin ruwa.

Ya ce, "Matsa, Tasadit. Wannan ciyawar mai ƙafafun shanshani ita za ta kayar da gidan ubanmu."

Na ce, "Yaya, ƙafafun riƙo kawai suke yi, saiwarsa tana ƙasa. Ba ni wata biyu."

Ya ce, "Yaushe kika zama malamar ciyayi?"

Na jingina da bangon, na ƙi motsi. Na san abin da nake yi. Kada ka kira shi, ni zan ji da shi.

Taka,
Tasadit

Zuwa ga Arezki,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana cin abinci mai zafi.

Adafal ya yi fure, ƙanana, ruwan ɗorawa-ɗorawa, warinsu ba daɗi. Amma da hantsi bangon nan ruri yake kamar injin niƙa saboda ƙudan zuman da suka cika furen. Na kamo hannun Yaya na tsayar da shi a gindinsa. Ya ɗaga kai ya dubi bangon, sannan ya ce, "To, a datse wanda ya hau rufi kawai." Na riƙe masa tsani da kaina.

Amya tara cikin goma sha ɗaya sun yi nauyi, za su wuce hunturu. Biyu sun mutu tun kafin furen, na yi kuka a kansu, ba zan ɓoye maka ba.

Zumar tana da ɗaci, kuma daskarewa take kamar sabulu, don haka na bar wa ƙudan abinsu.

Abu ɗaya ya rage. Yanzu ba sa harbina, kuma maƙwabta ni suke tambaya in amyarsu ta yi shiru. In ka dawo a bazara, ka taho da wata sana'ar. Wannan ta zama tawa.

Matarka mai kewarka,
Tasadit