Takardar Dunja

Litinin, 2 ga Afrilu
Makaranta ta dawo mini da takardun jikata Dunja. Ba shaidar riga-kafin ƙyanda, ba ajin farko. Slavica ta bugo daga Vienna: "Mama, kada allura ta taɓa 'yata. In ta taɓa ta, zan zo in ɗauke ta." Ni na haife ta, na san ba wasa take ba. Yarinyar nan tun tana wata takwas take hannuna.

Alhamis, 5 ga Afrilu
Takardar wakilci ta iso, da hatimi har biyu. Yanzu ni ce mai sa hannu kan komai na lafiyar Dunja. Slavica ta ce in nemo likitan da zai rubuta cewa jikinta ba ya ɗaukar allura. Shekara talatin ina sayar da cukun jiya da sunan na yau, likita guda ce za ta gagare ni?

Miodrag mai zuma, maƙwabcin teburina a kasuwa, yana ta dariya. "Budimka, ke da kike shawo kan mai duba sikeli? Ki kai wa likita garin kofi, magana ta ƙare."

Talata, 10 ga Afrilu
Na kai kofi, na haɗa da cakulan da cuku na gaske, ba na teburi ba. Likita Ljubinka ta karɓi kofin, ta dafa shi nan take, ta zuba mini. Wannan ba tsari ba ne. Kofin likita gida yake tafiya, a sa hannu, a yi sallama.

Na ce ƙwai na sa wa yarinyar ƙuraje, don na ji ba a yi wa masu irin haka allurar. Ta juya wajen Dunja: "'Yan mata, me kika ci ranar Ista?" Ja'irar ta ɗaga yatsu: "Ƙwai huɗu!"

Sai likitar ta ce mini, "Gwaggo, ɗaga hannun rigarki." Tabon allurar nan na shekarar agana, saba'in da biyu, da aka jera mu a filin makaranta. "Wa ya nema miki takarda lokacin?" Na ce lokacin ba a tambayar kowa. Ta ce, "Ƙarya ba zan rubuta ba. Cukun dai na gode."

Asabar, 14 ga Afrilu
Slavica ta turo bidiyo shida na wani mutum mai kushe allura. Na kalli biyu. Mutumin ya iya magana, amma na san mai talla in na gan shi.

Laraba, 18 ga Afrilu
Wani likitan a garin gaba. Ko zama bai ce in yi ba. A mota Dunja ta tambaye ni ko za ta zauna benci ɗaya da ƙawarta Tijana. Na ce ta ci burodinta.

In na yi mata allurar, a ɗauke ta. In ban yi ba, ta tsaya a taga tana kallon yara da jakunkuna.

Juma'a, 20 ga Afrilu
Teburin Stana mai ƙwai a rufe. Jikanta ɗan wata bakwai yana asibiti, ƙyanda, bai ma kai a yi masa allura ba. Ranar Asabar Dunja ke goye da shi tsakanin tebura. Miodrag bai yi wasa ko ɗaya ba yau. Na duba bayan kunnen Dunja ina neman ƙuraje ya fi sau goma, har ta ce, "Kaka, kin zaci ni kaza ce?"

Litinin, 23 ga Afrilu
Ban canza ra'ayi ba. Takardar wakilcin tana cikin jakata ne kawai, asibitin kuma a kan hanyar kasuwa yake.

Lahadi, 29 ga Afrilu
Na shirya ƙarya mai kyau, har na gwada ta a gaban madubi. Da Slavica ta bugo ta ce, "An samu takardar?" sai na ji bakina ya ce, "An yi mata allurar. Ni na sa hannu." Ni, Budimka.

Ina jin motoci suna wucewa a can. Na riga na fara lissafin akwatin da zan zuba kayan yarinyar.

Can ta ce, "Ta yi kuka?"

Na ce a'a. Ba ta tambayi wanda ya yi kukan ba, ni ma ban faɗa ba. Akwatin dai na bar shi a kan kabad.