Sunayen Da Na Liƙa

Lahadi, 28 ga Yuni, 2009, Tegucigalpa, babban birnin ƙasarmu
Sojoji sun ɗauke shugaban ƙasa da kayan barcinsa, sun jefa shi a jirgi. Da kayan barci! Shekara ashirin da uku ina koya wa 'yan sakandare cewa juyin mulki tarihi ne, ya wuce. Gobe da wane baki zan shiga aji?
An ɗauke wuta tun safe. Da aka kawo, talabijin na nuna fina-finan zane na yara.

Talata, 30 ga Yuni
Dokar hana fita. Gidajen rediyo sun koma kiɗa.
Na je shagon intanet na Don Chepe, na buɗe Fesbuk ɗin da 'yata Dilcia ta yi mini kafin ta tafi Sifen. Da ma na ce mata wannan abin 'yan mata ne masu son a ga sabon gashinsu. Yau shi kaɗai ne bakin da ya rage mini. Na rubuta shafi guda ina huci. Mutum arba'in da ɗaya gare ni a ciki, tara sun ce abin ya burge su.
Yaya Rigoberto ya rubuto daga New Orleans: "Ondina, ki sha ruwan sanyi. Ba juyin mulki ba ne, gyara ne." Na ce masa wanda ke wanke tukwanen wasu a ƙasar wasu ya bar mana gyaran tamu. Na san na wuce gona da iri. Ban goge ba.

Alhamis, 2 ga Yuli
Wani ɗan jarida a Ajantina, Lisandro, ya sa rubutuna a shafinsa. Ajantina! Ni da ban taɓa wuce Guatemala ba. Ya ce duniya ba ta ganin komai, in turo hotuna.

Lahadi, 5 ga Yuli
Zanga-zanga har filin jirgi. Ban taɓa ganin mutane haka ba. Harbi, barkonon tsohuwa, gudu. An ce an kashe wani.
Orfilia ta zo. Komadre tawa ce, haka muke kiran juna tunda ita ta riƙe Dilcia ranar baftisma. Shekara ashirin da shida tana buga takardu a ofishin gwamnati, saura biyu ta yi ritaya, kuma a gidanta ma ba ta ɗaga murya. Ta zo da malafa da baƙin tabarau da gyale har hanci.
Na ce, "Komadre, zanga-zanga kika zo ko fashin banki?"
Ta ce, "Ke dai rufe bakin nan naki. Ke in an kore ki ƙungiyar malamai za ta yi ihu. Ni wa zai yi mini? Kyanwata?"
Da hayaƙin ya taso ta cire gyalen ta jiƙa shi ta ba wata tsohuwa. A nan na ɗauke ta. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irinsa ba.

Litinin, 6 ga Yuli
Na ɗora hotuna talatin. Akwai wani abu da ake taɓa fuska a rubuta suna, ko mutum ba ya Fesbuk. Na zauna na liƙa wa kowa nasa, cikakke, da na uba da na uwa, yadda nake yi a bayan kowane hoto a gidan nan. Waɗanda hukuma ta ɓatar a shekarun 1980, sau nawa muka sami hotonsu babu suna a baya? Ba za a sake yi mana haka ba. Ba da ni ba.

Laraba, 8 ga Yuli
Rigoberto ya rubuta a ƙarƙashin hoton: "Kai! Har da Orfilia? Salihar unguwa?" Abokansa sun taru suna dariya. Wasu sunayen ban san su ba. Ta ina suka shigo?

Juma'a, 10 ga Yuli
An kori Orfilia.

Asabar, 11 ga Yuli
Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba.
'Yar'uwarta Nohemí ce ta kira ni. Shugaban sashensu ya kira Orfilia ofis, hoton na kan teburinsa, an buga shi a takarda, mai launi. Sunanta a ƙasa. Rubutuna. Ta ce masa ba ita ba ce, mai kama da ita ce. Ya juyo mata takardar ya ce, "To mai kama da ke ma sunanta Orfilia Banegas Oseguera?"
Na ruga shagon Don Chepe. Na ce ta yaya, mutum arba'in da ɗaya ne kawai! Ya dube ni kamar ya ga jaririya. Ya ce, "Malama, duk wanda ɗan'uwanki ya sani ya gani. Da wanda suka sani. Ba ki kulle ba ai." Akwai kullewa? Ba wanda ya ce mini akwai kullewa. Ni da na karanta littattafai uku a kan yadda 'yan leƙen asiri ke tara sunaye. Su sai sun biya mai tsegumi. Ni kyauta na yi musu, da alamar rubutu a inda ya dace.
Na goge duka. Don Chepe ya ce takarda ba ta goguwa.

Lahadi, 12 ga Yuli
Na kira Rigoberto na zage shi tas. Ya bari na gama, ya ce, "Ƙanwata, ni na rubuta sunan?" Na kashe wayar.
Laifin sojoji ne. Da ba su yi abin da suka yi ba, da ba mu fita ba. Laifin shugaban sashen ne, munafuki. Na rubuta wannan sau uku yau.

Laraba, 15 ga Yuli
Na je gidanta. Ta buɗe ƙofa, ba ta matsa ba.
"Malama Ondina, lafiya?"
Malama. Shekara ashirin da huɗu ba ta kira ni haka ba.
Na fara bayani, tarihi, waɗanda aka ɓatar, haƙƙin suna. Ta saurara har ƙarshe, ita da ma haka take. Sannan ta ce, "Kin ga malafar. Kin ga tabarau. Har dariya kika yi mini. Me kika ɗauka nake ɓoyewa, ƙuraje?"
Na juya na koma gida.

Talata, 21 ga Yuli
Lisandro yana son labarin. Ya ce irin wannan ne zai motsa mutanen waje, mace guda, fuska guda, suna guda. Ya ce ƙungiyoyi a Turai za su ɗauka. Yana da gaskiya, abin haushin kenan. Na rubuta shafi huɗu. Ban taɓa rubutu mai ƙarfinsa ba.

Asabar, 1 ga Agusta
O. ta kafa tebur a ƙofar gida tana sayar da baleada, wainar fulawa da dakakken wake, tsoffin abokan aikinta na tsallaka titi don kada su gaishe ta. Na je tun safe. Ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in tafi ba, sai na ja kwanon wake na hau dakawa. Mun yi awa biyu muna aiki.
Da zan tafi ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Wannan ma za ki gaya wa mutanen Ajantina?"
Na ce a'a.
Lisandro ya sake tambaya. Na ce masa intanet ɗin Don Chepe ba ya tafiya kwanan nan. Shafi huɗun suna cikin aljihun tebur, ƙarƙashin takardun jarrabawa.
Har yanzu juyin mulki ne, har yanzu ina fita, kada wani ya ce na sauya.
Na ga a sama na rubuta O. kawai a madadin sunanta. Sauri nake yi.