Na Ce Shi Ne, Alhali Ban Taɓa Ganinsa Ba

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, ina fatan kina lafiya ke da iyali, haka ma masu karatu. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata. Ku kuma masu sharhi, na san abin da zan faɗa ya cancanci zagi, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don wallahi na riga ku zagin kaina. Sunayen da za ku gani duk na canza su.

Ni ba 'yar Najeriya ba ce. A zangon Kumasi aka haife ni, can na yi karatu, aure ne ya kawo ni Karaye shekara uku da suka wuce. Mijina Sadi aikin ofis yake yi a Rogo, kullum da safe ya hau babur ya tafi, sai bayan la'asar ya dawo. Tun kafin aure ina yi wa wani kamfani na Accra aiki ta intanet, ina amsa koke-koken masu sayayya a rubuce. Sadi ya amince in ci gaba. Amma mahaifinsa, Baba, dattijo ne da ake kawo wa ƙara a zaurensa, kuma tun kafin a ɗaura aure ya ce babu matar da za ta zauna a gidansa tana aikin cuɗanya da maza. Sadi ya ce mini, "A cikin ɗaki za ki yi, wa zai sani?" Ya sa mana sola ya ce wa mutanen gida don fanka ce. Kwamfutar da nake aikin da ita kuwa a akwati take kwana, ƙarƙashin zannuwa. Matan gidan sun ɗauka girman kai ne ke hana ni fitowa tsakar gida, suna ce mini 'Yar Gana, suna dariyar Hausata in na ce wa mace "ya zo". Na shanye duk wannan, don aikin nan shi kaɗai ne abin da ya rage mini na rayuwata ta da.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, dab da azahar. Muna taron mako ta bidiyo, abin sa wa a kunnena ya lalace, sai na bar muryar tana fitowa a fili. Da sauran suka fita daga taron, shugabana a wurin aiki, wani dattijo ɗan zangonmu da ya san mahaifiyata, ya juya harshe zuwa Hausa yana tsokanata. Ya ce, "Amarya, Najeriya ta karɓe ki, kin yi kyau kin yi ƙiba," ya tuntsire da dariya, ni ma na yi. Ban san Yaya Haladu, wan mijina, ya shigo sashenmu ɗaukar injin feshi ba. Sai dukan ƙofa na ji kamar za a ɓalle ta. "Waye a ciki? Buɗe." Na kashe muryar, na tura kwamfutar ƙarƙashin gado, na buɗe. Ya shigo idonsa jajir, ya leƙa bayan ƙofa, ya buɗe durowar kaya, yana cewa, "Da kunnena na ji namiji. Ina kika ɓoye shi?" Ya sunkuya zai leƙa ƙarƙashin gado. Ban san daga ina maganar ta fito ba, na ji bakina ya ce, "Yaya, wani ne ya shigo mini, ya haura ta katangar banɗaki da ya ji motsinka."

Me ya sa ban ce kwamfuta ce ba? Me zai faru in na faɗa? Faɗa ne, ko saki, ko a mayar da ni Kumasi. Wanne ne a ciki ya kai abin da ya biyo baya? Tambayar da nake yi wa kaina ke nan kullum.

Yaya Haladu ya fita da gudu yana kiran matasan layin. Ranar kasuwa ce, gari cike yake da baƙi. A lungun da ke bayan katangarmu suka tarar da wani bawan Allah, manomi daga wani ƙauye a yankin Rogo, ya kawo gyaɗa kasuwa, ya ratse ya yi fitsari kafin salla. Buta na gefensa, yana ɗaure mazagin wando. Abin da suka gani ke nan, ba su tambaye shi komai ba. Daga cikin ɗaki ina jin saukar gora a jikin mutum. Ina jin yana cewa, "Me na yi? Ku tsaya, me na yi?" har muryar ta koma wani gurnani. Na leƙa ta saman katanga. Wani yana ta maka masa taɓarya a kafaɗa, wani ya ɗauko rabin bulo ya sauke masa a fuska. Farar rigarsa ta rine, hularsa tana cikin kwata. Mutanen da ba su san abin da ya faru ba ma suna zuwa su kai nasu dukan su wuce. Na so in yi ihu in ce ƙarya nake yi, amma sai na juya na koma ɗaki.

Baba ne ya tsawatar aka ja shi zuwa zaure. Aka aiko in zo. Na sa hijabi na tsaya a bakin ƙofar ciki, mutane cike har waje. Yana kwance a kan tabarma, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, jini yana bin gemunsa. Baba ya ce, "'Yata, kada ki ji tsoro. Wannan ne?" Mutumin ya ɗago da ƙyar ya ce, "Baiwar Allah, dube ni da kyau. Kin taɓa ganina?" Na dube shi. Sa'an mahaifina ne. Na dubi Yaya Haladu, gorar tana hannunsa har lokacin, yana kallona. Na san in na ce ba shi ba ne, ɗakina za a koma. Na ce, "Shi ne." Ina faɗa Yaya Haladu ya sake kai masa ƙafa a haƙarƙari a gaban Baba, sai da mutum uku suka riƙe shi.

Da Sadi ya dawo na rufe ƙofa na gaya masa gaskiya duka. Tun da muka yi aure bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ranar ya mare ni har na faɗi a kan akwati, leɓena ya fashe. Sannan ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Can ya ce, "Kin san in wannan maganar ta fita Yaya gidan yari zai tafi? Kin san Baba ba zai ƙara zama a zauren nan ya raba wata rigima ba? Ni kuma da na sa miki solar, da wane ido zan kalle su?" Na ce, "To mutumin fa?" Ya ce, "Ki yi masa addu'a. Ki kuma rufe bakinki."

An kai shi asibiti Kano. Sunansa Malam Isuhu, daga baya na sani. Idon bai tashi ba, hannun dama kuma ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, mutumin da da fartanya yake ci da iyalinsa. Dattawan ɓangarorin biyu suka zauna aka kashe maganar, wai mu mun yafe masa shigowar da ya yi, su kuma sun bar maganar dukan. Ku ji fa, mu ne muka yafe masa. Matan gida da suke dariyata sai suka koma tausayina, Inna, uwar mijina, ta dama mini kunu da hannunta tana cewa Allah ya tsare mata ni. Na sha kunun nan ina jin kamar garwashi nake haɗiya.

Wata biyar ke nan. Makonni uku da suka wuce wata mata ta yi sallama a sashenmu, siririya, mayafinta ya koɗe. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, muka gaisa, ta tambayi gida da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce ita ce matar Malam Isuhu, motar haya ta shigo daga Rogo ba da saninsa ba. Na zaci zagina za ta yi, har na so ta yi. Sai ta ce, "Ba faɗa na zo ba, ƙanwata. Shekara ashirin da huɗu ina tare da mutumin nan. Shi ke jan salla a masallacin ƙauyenmu in liman ba ya nan, yanzu ko sahun gaba ba ya iya tsayawa. Mutanen da suka kawo kayan gaisuwar 'yarmu sun aiko a mayar musu. Ya rantse mini da Alkur'ani bai taɓa ganinki ba, ni kuma kowa ce mini yake mace ba za ta yi wa kanta irin wannan ƙaryar ba. Ki faɗa mini abin da ya yi miki, ko mene ne, in san da wa nake zaune." Na sunkuyar da kai ina kuka. Ta jira, ta jira. Da ta ga ba zan yi magana ba ta ce, "To, Allah ya ba ki haƙuri," ta gyara mayafi ta tafi. Ita ce ta ba ni haƙuri.

Maganar kuma ba ta mutu ba kamar yadda dattawa suka zata. Ranar Asabar da ta wuce Yaya Haladu yana dawowa daga gona a kan hanyar Rogo, wasu mutum biyu suka tare shi da rana tsaka, suka sare shi da adda a kafaɗa, suka ƙona babur ɗinsa. Ya tsira, ɗinki aka yi masa. Kowa ya ce ƙannen Malam Isuhu ne. Yanzu matasan layinmu suna taruwa a ƙofar gida suna cewa sai sun je ƙauyen, Baba yana ta lallashinsu, ban san kwana nawa zai iya riƙe su ba. Jiya na ga ɗaya yana wasa wuƙa a jikin dakalin zaure.

Ga abin da ko Sadi bai sani ba. Kamfaninmu yana naɗar duk wani taro. Ranar muryar da ke fitowa daga kwamfutar kawai na kashe, ban kashe makirfona ba, ban kuma fita daga taron ba, saboda haka komai ya shiga: tsokanar shugabana, dariyarmu, dukan ƙofa, da ƙaryar da na yi da bakina. Na sauke wannan ɓangaren a wayata. Minti huɗu ne, kuma ya isa ya wanke Malam Isuhu a gaban kowa.

In na kai wa Baba, aurena ya mutu, Sadi ma ba zai tsira ba, kuma ban san abin da Yaya Haladu zai yi mini ba, na ga abin da hannunsa yake iyawa. Ni baƙuwa ce, ba ni da kowa a ƙasar nan. In na aika wa matar Malam Isuhu, anya ba wutar zan ƙara hurawa ba? In na gudu Kumasi na turo daga can, na tsira da jikina, amma wa zai tsaya a zauren ya amsa tambaya? In kuma na yi shiru aka je ƙauyen nan aka kashe wani, jinin a wuyan wa yake? Ina salla, ina istigfari, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai shi ya yafe, shi kuwa bai ma san dalilin da ya rasa idonsa ba.

Malamai da iyaye da ke wannan shafi, ku dube ni kamar 'yarku da ta yi mummunan kuskure. Wa zan fara tunkara, kuma ta yaya, kafin a zubar da wani jinin? Don Allah, me zan yi?