Ciyawa a Kan Tudun Alwyn

Quorn, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga yayata Merle,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? Ya sanyin Hobart? A gaishe mini da Clive da jikoki duka.

Yaya, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Matacin shayin Mama ya tafi. Na azurfar nan da muka yi sati ba ma magana a kansa bayan rasuwarta. Da ma ɓarawo ne ya ɗauka, da na san inda zan kai ƙara. Ƙaninki Alwyn ne, mijin nan nawa.

Kin san tun da ya bar aikin reluwe ya tare a ɗakin kwanon nan na bayan gida da ƙananan jiragen ƙasansa na wasa. Ya gina ƙaramin samfurin tasharmu, ya gina gada, ya gina tudun da ke bayan tasha inda muke zama zamanin yana nemana, saura ciyawa. Wai akwai na'urar da ke sa ciyawar roba ta miƙe tsaye, amma Kelvin na ƙungiyarsu ta masu ƙananan jirage ya ce masa rago ne kawai ke saya. Sai mutumin naki ya ɗauko abin kashe ƙudan nan na batir, ya guntule masa kai, ya zaro wayoyi biyu. Ɗaya ya ɗaura wa ƙusa, ɗayar kuma ya liƙe ta da darma a hannun matacin Mama. Da darma, Yaya.

Da na tsare shi, ko a jikinsa. Wai ƙofofin matacin ne daidai, wai Mama ma da tana nan za ta yi alfahari. Ya shafa gam a gefen tudu, ya kafa ƙusar, ya zuba koren zaren ciyawar roba a matacin, ya danna maɓallin, ya girgiza. Ba zan yi miki ƙarya ba, baki buɗe na tsaya. Zaren nan suka riƙa zubowa suna tsayawa cak, kamar gashin kyanwa ta ga kare. Can matacin ya taɓa ƙusar, wuta ta yi tartsatsi ta fizge shi, ya yi tsalle ya buga kai da fitila. Na ce Allah ya ƙara, alhakin Mama ne.

Duk da haka bai gamsu ba. Wai wannan koren na Ingila ne, shi tun da aka haife shi bai ga Quorn da irinsa ba sai shekarar ambaliya. Kalar busasshiyar ciyawar rani yake nema.

Amma ba wannan ne ainihin dalilin wasiƙar ba. An kira ni daga asibitin Adelaide. Sun ga wani ɗan abu a hoton da suka ɗauka, suna so in koma ranar biyu ga Disamba su yanki kaɗan su duba. Ban gaya wa Alwyn ba. Kin tuna yadda ya yi bara da sankarar ta kama ni: wata takwas ina fama, shi yana ɗakin kwano daga safe har yamma. Ba zan iya sake ganin ƙeyarsa yana fita ba. Jiya na sauko da hular gashin da na riƙa sawa lokacin da magani ya zubar mini da gashi, na taje ta, na mayar cikin kwali. Tsoro nake ji, Yaya, ke kaɗai na gaya wa.

Ki huta lafiya. Taki har kullum,
Glenys

Quorn, 21 ga Nuwamba

Yaya Merle,

Gaisuwa mai tarin yawa. Wasiƙarki ta iso, na gode da addu'a. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, Clive kuma ya daina tarin.

Kin ce in gaya masa. To ya ji, amma ba ta hanyar da ke ko ni muka so ba. 

Shekaranjiya na ce bari in wanke hular gashin, ko da za a buƙace ta. Na buɗe kwali, wayam. Na birkice kabad, na leƙa ƙarƙashin gado, har kwandon kare na duba. Da azahar na haƙura na je kiransa cin abinci. Tun daga ƙofa na ga bakinsa har kunne. Ya ce in rufe ido, ya ja hannuna ciki.

Yaya, tudun nan ya zama tudunmu sak. Ciyawa ruwan ƙasa-ƙasa mai hasken zinariya, irin ta watan Janairu, har da inda iska ta kwantar da ita. Na ce masa kai, Alwyn, wannan karon ka yi abin kai. Na kai yatsa na shafa. Yatsana ya gane ta kafin idona. Wata takwas ina taje abin nan kowace safiya, ta yaya zan kasa gane shi? Na waiga, ga almakashin ɗinkina a kan benci, ga ragar hular a yashe, ƙwal, ba ko sili ɗaya. Kwana uku ya yi yana yanka ta gutsi-gutsi, kowane bai kai ƙwayar shinkafa ba.

 Shi kuwa bawan Allah bai ma lura ba, murna yake yi. Ya ce, "Glen, ai kin gama da ita. Kullum na buɗe kabad sai in gan ta zaune kamar mai jiran ki. Na ce gara ta zama ciyawa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Ban gama da ita ba. Sun kira ni, ranar biyu ga wata zan koma."

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ajiye matacin a hankali. Ya dube ni, ya dubi tudun. Sai ya sa yatsu ya fara tsige ciyawar ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a tafin hannu, kamar wanda zai mayar da ita inda ta fito. Gam ya riga ya bushe, har farcensa ya yi jini. Na ce ya bari, bai ji ni ba. Na fita na bar shi a wurin.

Yau kwana biyu ke nan. Yana dafa mini shayi, yana share inda ba datti, amma ya kasa haɗa ido da ni. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, ban san wanda ya fi ba. Abin da nake tsoro shi ne ya sake shigewa ɗakin nan ya ja ƙofa kamar bara.

Ki sa mu a addu'a. Ƙanwarki,
Glenys

Quorn, 11 ga Disamba

Zuwa ga yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida Clive da yara. Ina fatan kuna lafiya, shirin Kirsimeti kuma yana tafiya daidai.

Ba zan ja miki rai ba. Sankarar ta dawo. Likita ta ce ƙarama ce, an kama ta da wuri, za a fara ɗura mini magani a Janairu. Gashin zai sake zubewa. Na yi kukana na gama, kada ke ma ki fara.

Alwyn ne ya tuƙa ni, tafiyar awa huɗu. Da aka kira sunana ya tashi ya bi ni har gaban likita, abin da bai taɓa yi ba. Da muka fito ya kai mu ƙofar shagon da ake sayar da hulunan gashi, ya kashe mota, ya ce in zaɓi duk wadda nake so. Na ce ba hula ce ta dame ni ba. Na gaya masa a fili cewa bara ya gudu ya bar ni, kuma idan haka zai sake yi gara in sani tun yanzu.

Yaya, amsar da ya ba ni ita ta fi komai girgiza ni. Ashe wata rana bara ya dawo daga kanti da wuri, ya hango ni ta taga ina zaune a kicin kaina ba komai, ina fifita da jarida. Da na ji motsin ƙofa na zabura na jawo hular na kifa, gumi na zuba. Daga ranar ya gane muddin yana cikin gida ba zan cire ta ba, ga zafin da kika sani. Shi ne yake fita tun safe ya zauna cikin kwanon nan mai zafi kamar tanda, don in samu in sha iska. Ya ce, "Na zaci idan kin san na gani za ki ji kunya."

Wata takwas, Yaya. Ni ina ciki ina cewa ya guje ni, shi yana waje yana gasuwa saboda ni. Tsofaffi biyu, babu mai wayo ko ɗaya. Muka zauna a motar nan muna kuka, har mai shagon ta leƙo ta koma.

Da muka dawo gida na ce ya kai ni wurin tudun. Inda ya tsige ya yi sanƙo kamar tafin hannu. Na ce ya kawo ragowar, ya shafa gam, ni zan girgiza. Na riƙe matacin Mama na danna, ciyawa ta miƙe ta rufe wurin. Ni ma wutar ta fizge ni, ya ce alhakin Mama ne.

Kin ce za ki aiko mini da sabuwar hula. Na gode, ki bar kuɗinki. Idan kin matsu sai kin aiko da wani abu, ki aiko da mataci, wata guda ke nan muna tauna ganyen shayi.

Ba zan jira gashin ya zube a kan matashin kai ba. Ranar Asabar Alwyn zai fito da kujera tsakar gida ya aske mini da hannunsa. Ya ce hannun zai yi rawa, na ce ya yi. Bayan nan kuma zai shigo cikin gida ya zauna.

Ki huta lafiya, sai na ji daga gare ki. Taki,
Glenys