Ruwan Ɓawon Rumman

Kuva, watan Oktoba

Zuwa ga Gwaggona Oydin,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwata cikin ladabi, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki. Allah ya sa sanyin Novosibirsk, can Rasha, bai fara taɓa miki gwiwoyi ba, ya ba ki ƙarfin tsayuwa a gidan burodin da kike aiki, ya tsare mana ke da Baba a ƙasar mutane. Mu nan muna yadda kika bar mu. Rumman ya nuna bana har sai da aka tokare rassa da sanda. Mahaifiyarki, kakarmu Buvi, ƙafarta ta yi sauƙi, ta ajiye sandar ma. Mama tana fama da ciwon bayan nan nata amma ba ta kwanta ba. Ni ina aji goma, karatu lafiya. Maƙwabcinmu Tohir ne zai kawo miki wannan tare da ƙullin zabibi, na roƙe shi ya danƙa miki hannu da hannu.

Gwaggo, ki gafarce ni a kan abin da zan rubuta. Akwai kalmomin da ban taɓa furtawa a gaban babba ba, ko yanzu da nake riƙe da alƙalami fuskata zafi take yi. Da zan iya faɗa miki a waya da na faɗa, amma kin san wayar gidan nan a aljihun Buvi take kwana, kuma duk lokacin da kuka kira kowa yana tsaye a kanta. Maganar ƙanena Doniyor ce.

Kin ji an sa ranar bikin kaciyarsa, ƙarshen watan nan. Buvi ta ce ba za a ƙara ɗagawa ba, shekararsa bakwai, baɗi takwas, kuma ba a yi wa yaro kaciya a shekara mai cika biyu-biyu, ita ba za ta jira tara ba don ba ta san ko tana raye ba. An gaya wa unguwa, an kama wanzami, an yi magana da mai dafa osh, shinkafar biki, da masu kakaki. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: har yanzu Doniyor yana jiƙa shimfiɗa. Ga shi ranar za a kwantar da shi a kan sababbin katifun auduga a gaban maza. Sai ta yanke cewa kafin ranar dole ya koya. Daga azahar ba ruwa, ba shayi, ko kankana ba a ba shi. Ta kuma ɗauke fo ɗinsa, koren nan da yake zama a kai a bayan kuringar inabi, ta ce baƙi za su fara shigowa, ba za a ga ƙaton yaro a kan fo ba, ya je masai kamar kowa.

Ke ba ki zauna da shi ba tun yana goye, don haka bari in gaya miki yadda yake. Doniyor ba ya magana sai kalma ɗaya ko biyu. Ba ya cin komai sai tsakiyar gurasa da farar shinkafa. Abin da ya saba da shi kuwa, in ka canja masa, kamar ka rushe masa gida ne. Masai yana ba shi tsoro. Ramin, da duhun, da ƙarar ƙofar kwano, ko kusa da wurin aka ja shi sai ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa. Da aka ɗauke fo bai yi kuka ba. Ya dai daina bayan gida ne gaba ɗaya. Sai ka gan shi ya harɗe ƙafafu ya tsaya a kan yatsu, ya yi jajir, yana riƙewa. Ya koma zuwa yana danna cikinsa a gefen gadon katakon tsakar gida, yana cizon bayan hannunsa har ya yi tabo. Bayan nan sai wani abu mai ruwa-ruwa ya fara ɓata masa wando, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, shi kuma ko a jikinsa, kamar bai san ya fito ba.

Buvi ta duba wandon ta ce gudawa ce. Kin san maganin gudawa a garin nan, ke ma an ba ki shi. Ta ɗebo busasshen ɓawon rumman daga cikin buhun da ke rataye a kicin, ta tafasa har ya yi baƙi, ta matse masa hanci ta ɗura. Safe da yamma. Da wandon bai daina ɓaci ba sai ta ƙara ɓawon. Yaron da aka hana ruwa, abin da kawai ke wuce maƙogwaronsa da yamma shi ne wannan abu mai bauri.

Makon jiya Mama ta ce za ta je birnin Fargona sayo masa hular biki, dole a tafi da shi a gwada. Ni ma na bi su, don ba ya shiga mota sai ya riƙe hannun rigata. Mun sayi hular, sannan Mama ta ja mu zuwa wajen likitar yara da ta taɓa ganinsa, wadda ta ce galahanga gare shi. Ta taɓa cikinsa sau ɗaya ta ɗago ta dubi Mama, ta tambaye ta yaushe rabon da ya yi bayan gida na gaske. Aka yi hoton ciki, aka gwada fitsari. Likitar ta zana mana a takarda don mu gane. Ta ce ba gudawa ba ce ko kaɗan: bayan gida ne ya taurare ya toshe hanji kamar dutse, mai ruwan da ke sama shi ne yake zagayowa ta gefe yana zubowa, kuma hanjin ya buɗe ya gaji har yaron ya daina jin lokacin da abu ke fita. Ta ce wannan tulin shi ke danne mafitsara, shi ya sa fitsarin ya ƙaru maimakon ya ragu, kuma rashin ruwa ya sa ƙwayoyin cuta sun shiga fitsarin. Da Mama ta ambaci ɓawon rumman sai likitar ta ajiye alƙalami ta ce, "Yaya, ƙofa a kulle take, kuna ƙara mata kwaɗo." Ta rubuta maganin ciwon fitsarin da wani na ruwa mai tausasa ciki. Ta ce a ba shi ruwa duk lokacin da ya nema, a mayar masa da fo, a zaunar da shi bayan cin abinci ƙafarsa a ƙasa, ba tsawa ba duka. Ta ce abin zai ɗauki watanni. Kaciya kuwa a dakata sai fitsarin ya warke, in ba haka ba ciwon yana iya hawa ƙoda.

A mota Mama ta yi ta kuka a cikin gyalenta. Ni kuwa murna nake yi, don na ɗauka tunda an san abin da ke damunsa, an gama.

Buvi ta saurare mu tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba. Da Mama ta gama sai ta ce to, ashe hula ake sayowa a asibiti yanzu. Ta ɗauki kwalbar maganin ta sa na karanta mata abin da ke jiki, da ta ji na sakin ciki ne sai ta yi dariya, ta ce yaro na zawo an kawo masa maganin ƙarin zawo, wannan likita ko ta taɓa wanke wandon yaro ɗaya a rayuwarta? Ta ce ita ta raini 'ya'ya biyar da ɓawon rumman, ga su nan duk suna tafiya da ƙafafunsu har Rasha. Ta ce jikanta ba shi da wata galahanga, bakinsa ne ya yi nauyi kamar na ubansa, sunan cutar ma likitoci ne suka ƙago don matan zamani su samu abin fakewa. Ƙwayoyin maganin ciwon fitsarin ta yarda a ba shi, don ta ga yana zazzaɓi da idonta. Kwalbar kuwa ta sa ta a cikin akwatinta na ƙarfe ta murɗa makulli. Mama ta sunkuyar da kai ta ce to. Kin san Mama. Shekara goma sha bakwai a gidan nan, har yau "kelin" ake kiranta, wato amarya, kamar jiya aka kawo ta.

Ranar Talata tsofaffin matan unguwa suka taru a gidanmu ɗinkin katifun biki. An baza auduga, an shimfiɗa sabon yadin atlas mai ja da ruwan ɗorawa, ina zuba musu shayi. Doniyor ya shigo, launin ya ja shi, ya kwanta a kai yana shafa shi da kumatu. Ban daɗe da ganinsa cikin natsuwa haka ba. Sai wari ya tashi. Hosiyat hola, tsohuwar nan ta gidan bakin masallaci, ta toshe hanci da gefen ɗankwali ta ce kai, ango ya riga ya sa wa katifarsa hannu. Suka kwashe da dariya. Wata ta ce a bar shi, wuƙar wanzami ce ke koya wa kowane yaro inda ake tsugunawa, nata jikan ma ranar ya daina. Buvi ta finciko shi ta kai bakin famfo ta tuɓe shi a gabansu, da ruwan sanyi, yana ihu yana dukan kansa da hannu biyu. Sannan ta ƙwala mini kira ta ce in ɗauko tukunyar ɓawon.

Gwaggo, ni da ko a aji malama sai ta ce in ɗaga murya. Ban san daga ina abin ya fito ba. Na ce ba zan ɗauko ba. Na ce ba zawo yake yi ba, cikinsa a toshe yake, ruwan nan shi ke ƙara kulle shi, likita ta faɗa, kuma ba da gangan yake yi ba, ba ya ji ne. Butar shayin tana hannuna. Hosiyat hola ta ce ma sha Allah, ashe gidan nan an yi farfesar kashi ba a gaya mana ba, budurwa da irin wannan baki wa zai aiko neman ta? Buvi ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi. Ta ce kawai in ajiye butar in shiga ɗaki.

Tun ranar ta mayar da Doniyor ɗakinta. Ta ce ni da uwata mu muka lalata shi da tausayi. A da nakan kai shi bayan kuringar inabi a ɓoye in ba shi ruwa a murfin kwalba, yanzu ko wannan babu. In na dawo makaranta ina jin sa ta taga yana yin ƙugin nan nasa. Jiya na gan shi yana lasar bakin famfo. Ni Buvi ba ta amsa gaisuwata, ba wannan ce damuwata ba.

Kada ki ɗauka ina cewa ba ta son sa. Ita ta ɗinka masa rigar bikin da hannunta, da idon nan nata da ba ya gani sosai. Na taɓa jin ta a kan sallaya tana roƙon Allah ya buɗe bakinsa ko da za a ɗauki nata. Tana son sa, kuma tana ɗura masa abin da ke cutar da shi safe da yamma, kuma duk gidan nan babu wanda ya isa ya riƙe mata hannu. Abin da ke hana ni cin abinci ke nan.

Ranar Juma'a da kuka kira, kin tuna, an sa masa rigar zinariya da hula aka tsayar da shi a gaban waya. Baba ya share ido ya ce ɗansa ya zama namiji. Ke kika ce ya yi kyau kamar ɗan sarki. Ba wanda ya tambayi me ya sa ya harɗe ƙafa, me ya sa cikinsa ya fito hannuwansa suka rame. Ki yafe mini, amma na ji haushinku duka biyun. Kuna aiko masa da cakulan da ba ya ci da motocin da ƙararsu ke firgita shi. Baba yana ɗaukar bulo a cikin ƙanƙara don a ce ya yi wa ɗansa bikin da unguwa za ta tuna, bai san ɗan nasa ba ya iya tsugunawa ba. Ni ba zan iya gaya masa ba, ba maganar 'ya da uba ba ce. Mama kuwa in ta faɗa, za a ce suruka ta kai ƙarar uwar miji.

Ke 'yarta ce, kuma ke kaɗai na taɓa ganin kin ce mata a'a ta yi shiru. Ba na roƙon a fasa biki. Osh ɗin a dafa, masu kakaki su busa, in kunyar unguwa ake ji. Amma wuƙar ta jira. Ki sa ta buɗe akwatin ta fito da kwalbar, ta mayar masa da fo ɗinsa, ta bar shi ya sha ruwa. Ki zaunar da Baba ki karanta masa inda likita ta yi bayani, sauran ki rufe da hannu. In za a ce ni na kai tsegumi, a ce. An riga an ba ni suna a unguwa.

Ki gaida Bahtiyor, mai gidanki, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaida Sardor da ƙaramar Laylo, ki ce mata zabibin baƙin nata ne. Ki gaida Baba, ki ce ya riƙa sa safar ulun da Mama ta saƙa masa. Mama ba ta san na rubuto ba, amma na san da ta sani da ta ce a gaishe ki.

In kin kira Buvi, don Allah kada ki tambaye ta lafiyar Doniyor, za ta ce lafiya lau. Ki tambaye ta yaushe rabon da ya yi bayan gida, kuma kada ki ajiye wayar sai ta ba ki amsa.

'Yar ɗan'uwanki mai girmama ki,
Munisa