Guzurin Ƙonni a Bankok

Bankok, Agusta 1993

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da abokan aikinka na tasha. Yaya damina, yaya hanyar garin Tawa? Mu dai mun sauka lafiya, alhamdu lillahi.

Har yanzu ina tuna ranar da yayarka Hajiya Hindu ta shigo ta tarar da ni kwance da littafi, wake yana ƙonewa a kan wuta. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce tunda karatu ne sana'ata, in tashi in zama idonta, nata sun daina ganin rubutu, ga ɗinkin kayan yara na shiga lakwal, wato makaranta, za ta bayar a Bankok. Ka yarda da sharaɗi guda, kada in taka ko'ina ni kaɗai. Na yi maka alkawari, ina kuma riƙe da shi.

Maigida, duk littattafan da kake kawo mini daga Sakkwato babu wanda ya gaya mini akwai gari irin wannan. Benaye sun hau kan juna, ruwa yana ratsa unguwanni kamar yadda hanya take ratsa Tsarnawa. Kai da kake direba da ka sha mamaki: ta hagu suke tuƙi, kuma motoci kan tsaya cak har mutum ya yi barci ya farka. Akwai wani keke mai ƙafa uku da inji, tuk-tuk suke ce masa. A yi ciniki kafin a hau. Wanda ya yi araha da yawa a guje shi, kantin duwatsun ado zai kai mutum ko bai so ba. Taksi kuwa a nuna masa agogon kuɗi ya kunna. Na ɗaure katin otel ɗinmu a gefen zane, domin rubutunsu kamar yaɗon kabewa yake, ban iya ko harafi ɗaya ba.

Ko'ina suya ake yi a bakin titi, ƙamshi har ɗakinmu. Ban ɗanɗana komai ba. Hajiya ta ce tun da take zuwa garin nan abincinsu bai taɓa shiga bakinta ba, saboda alade. Guzurinmu muke ci: kilishi, dambun nama, garin rogo da ƙuli-ƙuli.

Ka gaida Inna. Ina kewarka.

Matarka,
Shatu

Bankok, Satumba 1993

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta gida. Ka zauna kafin ka karanta, amma ka sani kowa yana raye.

Guzurinmu ya lalace. Kilishin da yake shekara a Ƙonni ba ya komai, muka buɗe buhu muka tarar ya yi furfura fari da kore. Dambun ma haka, garin ya dunƙule yana tsami. Ashe da can lokacin sanyi Hajiya take zuwa, ba ta san daminarsu ba. A nan iska kanta jiƙaƙƙiya ce, ko zane ba ya bushewa.

Hajiya ta ƙi cin komai sai ayaba da shayi. Ko burodi ta ce wa ya san kitsen da aka sa. Ka san ciwon suganta, ga magani tana sha ciki babu komai. Ran Talata ta miƙe za ta yi alwala, sai ta zube. Alhaji Takama na Malbaza, wanda muke otel ɗaya, ya tafi wani gari duba kaya. Na jiƙa mata suga ta farfaɗo, na zauna ina dubanta, ina duban ƙofa, ina tuna abin da na ce maka. Daga nan na ɗauki mayafina.

Tun zuwanmu nakan ji kamar kiran sallah can nesa, ta wajen ruwa. Na bi har bakin magudanar da jiragen haya suke bi. In Allah ya kawo ka wata rana, ka sani jirgin ba ya jiran kowa, tsalle ake yi a faɗa. Akwai leda a gefe da ake ja sama, wanda ya ƙi ja, ruwan datti ya wanke masa fuska, kamar yadda ya wanke mini. Da mai karɓar kuɗi ya zo, na ɗaga hannuwa zuwa kunne kamar mai kabbara. Ya yi dariya, ya nuna mini baya. Ashe gabas na nufa maimakon yamma. Na sauka na hau wani.

Maigida, unguwa guda ta Musulmi na tarar, gidajen katako a bakin ruwa, mata da lulluɓi, da masallacinsu. Wata dattijuwa mai sayar da shinkafa ta amsa mini sallama da irin lafazinmu, sai hawaye suka zubo mini. Rukiya sunanta. A jikin tukunyarta akwai alamar wata da tauraro, ita ake nema a garin nan in ana son halal. Jikarta ta zo kusa, na dafa kanta ina sa mata albarka, sai kowa ya zuba mini ido. Ashe su ba a taɓa kan mutum, ko na jariri. Rukiya ta sauke hannuna a hankali, ta ɗora shi a kafaɗar yarinyar.

Da hannu da fuska na ba ta labarin Hajiya. Ta rufe tukunya ta biyo ni da kwanon kunun shinkafa da kaza da citta. Hajiya ta kau da kai. Rukiya ta shimfiɗa ɗankwali ta yi la'asar a gabanta, ta yi bisimilla ta fara shan cokali guda da kanta. Yayarka ta shanye kwanon tas, ta kuma tambayi ko akwai yaji.

Na san na fita ni kaɗai. Ba zan ce maka na yi nadama ba.

Taka har kullum,
Shatu

Bankok, Satumba 1993

Maigidana, abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan gero ya yi kyau a Tajaye, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi.

Hajiya ta samu ƙarfi, har tana yi mini tsiya wai ta ɗauko mai karatu ta ƙare da ƴar jirgin ruwa. Kullum ni nake zuwa ɗauko abinci, in biya wajen masu ɗinki. Na ci shinkafa rawaya da kaza, na ci wata mai danƙo da ake murzawa da hannu kamar tuwo. Suna da ruwan kifi mai warin daddawa, kada ya tsorata ka, shi ne gishirinsu. Barkononsu kuwa ƙanana ne, amma ko kai mai cika baki sai ka nemi ruwa. A ce fet, wato yaji, a kaɗa kai, sai su rage. Miyar kwakwa da lemun tsami ban san yadda zan kwatanta maka ita ba, sai dai ka zo.

Likita ya ce lalle Hajiya ta koma gida. Alhaji Takama ya dawo, ran Alhamis zai taho da ita, shi ne zai ba ka takardun nan. Ɗinki kuwa bai kai rabi ba, in babu mai tsayawa a kai lakwal za ta buɗe babu kaya, wahalar Hajiya ta tashi a banza. Ba ta roƙe ni ba, cewa ta yi in haɗa jakata, ba za ta shiga tsakanina da kai ba. Rukiya ta nuna mini ɗakin ƴarta, kusa da masallaci.

Na so a ce ina gabanka in nemi izini baki da baki. Ka yi fushi in za ka yi, zan zo in durƙusa in saurara. Ka gaida Inna da kowa da kowa, ka sa ni a addu'a.

Ba zan taho ran Alhamis ba. Zan zauna har a gama ɗinkin, in kawo kayan da kaina.

Matarka,
Shatu