Launin Tafin Ƙafar Auta a Bangon Ɗakinki

Zuwa ga fitilar gidana, sanyin idanuna, inuwar da na fake a ƙarƙashinta tun ina da baƙin gashi har furfura ta cim mini. Zuwa ga Maman Auta, wadda numfashinta ya fi mini iskar asuba daɗi.

Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya ƙara miki sauƙi, ina so ki kwantar da hankalinki game da takardar nan. Ba a gida na rubuta ta ba. A shagon maƙwabcinmu Tela na zauna, da sabuwar takarda da sabon biro, bayan na wanke hannuwana da sabulu har fata ta yi fari, kuma sai da Tela ya sunsuna ambulan ya rantse babu komai sannan na liƙe. Ki karanta ba fargaba, babu warin fenti a jikinta.

Ya farin watana, kin tuna safiyar da aka haifi Auta? Kina kwance a gajiye, kika zaro ƙafarta daga cikin zani, kika juya mini tafin, kika ce, "Malam Takarda, ajiye karatun nan ka duba. Ba ja ba ne, ba fari ba ne. Irinsa nake so a bangon ɗakina." Na duba, sai ga launi mai ɗumi kamar cikin nunanniyar gwaiba, kamar gefen gajimare kafin rana ta leƙo. A lokacin gidan haya muke, bangon ba namu ba ne. Da muka samu namu, hidimar yara ta sha gabanmu, ke ma kika bar zancen. Ni kuwa ban taɓa barinsa ba.

Saboda haka ranar da likita ya ce ciwon huhunki ya lafa, an kusa sallamarki, daga asibiti ban zame ko'ina ba sai shagon mai fenti. Ya zuba fari, ya ɗiga ja, ya ɗiga ruwan goro, yana gaurayawa ina girgiza kai, har ya gaji ya ce, "Baba, bango za ka shafa ko amarya za ka yi wa kwalliya?" Na sa ya ci gaba da gaurayawa, sai da launin ya fito sak, ƙwalla ta cika mini ido. A kan teburinsa na ɗauki wata ƙasida, na karanta ta daga bango zuwa bango kamar yadda na saba. Ta ce fentin mai ba ya riƙe ƙura, ana goge shi da tsumma ya koma sabo. Na ce alhamdulillahi, ai ƙura ce babbar abokiyar gabar ƙirjinki! Na bar na ruwa, na ɗauki na mai.

Da kin gan ni, ya kurciyata! Na fitar da kaya, na cike tsagar da ke bayan ƙofa, na bi bangon da samfefa har ya yi santsi kamar kuncinki. Gefen taga da ɗan ƙaramin buroshi na bi shi, ina riƙe numfashi kada hannuna ya yi rawa. Ƙusar da kike rataya mayafinki ban cire ta ba, zagaye ta na yi. Babu sharaɗin da ƙasidar ta gindaya da ban cika ba. Abu biyu ne suka kuɓuce mata: ba ta ce akwai ƙirjin da wari ke shaƙewa ba, ba ta kuma san damina ba.

Sauran kin sani. Auta ta riga ki zuwa don ta gyara shimfiɗa, ta tsaya a bakin ƙofa, ta toshe hanci, ta fashe da kuka: "Baba, me ka yi? Ina Mama za ta shaƙi wannan?" Da ta gaya wa likita, ya hana a shigar da ke sai warin ya fita ƙaf, aka juya mota zuwa gidan Auta. Da na biyo ki, kafin in gama sallama tari ya sarƙe ki saboda abin da ya kama rigata da gemuna. Wayyo ni! Wane irin masoyi ne ke gina wa tsuntsuwarsa sheƙa ya kuma toshe ƙofar da hannunsa? Garin neman gira na kusa rasa ido. Tun daga ranar ta taga nake gaishe ki, kina ɗaga mini yatsu, ni kuwa ina murmushin da bai wuce leɓe ba.

Ɗakin ya yi kyau, Maman Auta, kyan da ke ƙona zuciya. Da hantsi, in rana ta ɗan leƙo, bangon yakan ɗauki haske ya zuba shi a kan gadonki, har matashinki ya yi kamar fuskar da jini ya dawo mata. Amma sama ta ƙi yayewa, laima ta hana fentin ƙarasa bushewa. Tagogi a buɗe, fanka na juyi ba hutu. Na jera kwanonin gawayi a kusurwoyi, na yanka albasa na baza, don wata ƙasidar ta ce suna shanye wari. Hancina ya saba, ba ya gaya mini gaskiya, don haka kowace safiya nakan kira Tela. Yakan shiga, ya ja iska, ya ce, "Malam, da saura. Yanzu ma fenti da albasa ne, gishiri kawai ya rage." Yana so in yi dariya, nakan yi masa don kada ya ji kunya.

Jiya Auta ta rako ni bakin titi, ta sassauta murya, ta ce likita ya ce a bar ki ki huta a inda ranki ya fi so, kuma kullum ɗakinki kike tambaya. Ni ba yaro ba ne, na san abin da likita ke nufi idan ya fara irin wannan magana. Shin iska za ta yi mini sauri? Shin rana za ta tausaya wa tsohon da bai taɓa roƙonta komai ba?

Ga roƙona, ya rabin raina. Na sayi makankari, yana nan a bakin ƙofa. Ki aiko Auta da kalma ɗaya, in kankare bangon nan har siminti, in wanke shi, in dawo da ke. Bangon siminti da ke a cikinsa ya fi mini gidan sarauta. In kuwa kin ce a jira, to ki jira da gaske. Ki riƙe numfashin nan naki da kyau, kada ki yi mini gaggawa, kada ki tafi ko'ina ba ki kwana a ɗakinki ba.

Na so in shafa fentin a ɗan katako in aiko miki ki gani, na tuna ba dama. Amma jaririn Auta yana nan kusa da ke. Idan an kawo miki shi da safe, ki zaro ƙafarsa daga cikin zani, ki juya tafin wajen haske. Ɗakinki ke nan, ban kuskure ko ɗigo ba.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Malam Takardarki, mai tsaron taga.